A Bayan Kafaɗar Gwamna

Babban birnin jiha,
Farkon Afrilu.

Anti Vernice,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki. Mama ta ce ta ji kina tari a waya ranar Lahadi, kuma kin ƙi zuwa asibiti. Ni lafiya lau nake, in ban da tumbin da abincin hanya ke ƙara mini. Daga gida nake rubuto miki da hannu, don duk abin da ya fita ta kwamfutar ofis, 'yan jarida na da ikon nema a ba su su karanta.

Albishirinki. Majalisa ta amince da ƙudirin lasisin bindiga. Daga yanzu sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ba zai ƙara duban fuskar mutum ya yanke ko ya dace ya ɗauki bindiga a ɓoye ba. Duk wanda ya cika ƙa'ida, dole a ba shi. Saura sa hannun Gwamna Dunmire kawai, kuma ya ce a garinku yake so ya sa, a matakalar kotun Tansy Creek, ƙarƙashin tagar Sherif Haskett da ya hana ki lasisin har sau biyu.

Kin san aikina. Ni ke tsara inda kowa zai tsaya in Gwamna zai sa hannu: in manna salatif a ƙasa, in rubuta suna a kai. Naki nake so in manna a bayan kafaɗarsa ta dama, wurin da ke fitowa a kowane hoto. Za ki yi 'yar gajeriyar magana kafin ya zauna. Sannan zai sa hannun da alƙaluma da yawa, kowanne ya ja ɗan layi da shi, ya raba wa waɗanda suka sha wahalar dokar. Na farkon naki ne. Tun ranar da kika ba da shaida gaban kwamitin majalisa yake ambaton "matar nan mai motar littattafai."

Gobe za mu fita rangadin arewacin jiha. Ki amsa mini da wuri.

Ɗanki,
Lemuel Oakes

*

Tansy Creek,
Afrilu.

Lemuel,

Ina gaishe ka. Gwiwa na nan yadda ka san ta. Tarin kuwa ƙurar tsofaffin littattafai ce, ka gaya wa uwarka, Yaya Althea, ta kwantar da hankalinta, ta fi ni bukatar likita. Tumbin naka kuma ba na abincin hanya ba ne, na kakanka ne, na san shi.

Ka karanta ƙudirin? Ban ce takardar da kuke raba wa 'yan jarida ba. Shi kansa nake nufi, yadda ya fito daga majalisar dattawa. Ni na buga shi a laburare, na bi shi layi-layi da fensir. Sashe na bakwai babu shi. Na takwas ya matso ya zauna a kujerarsa, ya ɗauki lambarsa, kamar ba a taɓa yin kowa a wurin ba.

Bari in tuna maka, tunda a ofishinku an riƙe motar an manta abin da matar ta ce.

Bara da kaka Twila Gantry ta hau motata, motar laburare mai yawo ƙauyuka, a mahaɗar Millrace, da littafin girki a hannu, ido ɗaya a kumbure. Ta ce, "Malama Vernice, in na zauna a ƙasa bayan kantar littattafan yara, ana hango ni ta taga?" Na ce ba a hangowa. Ban sake taka birki ba sai a ƙofar gidan mafakar mata a wata gunduma. Tun daga ranar mijinta Royce ke bin motata da jar a-kori-kurarsa. Ba ya cewa komai. In na tsaya gaban coci mutane na hawa suna sauka, yana can gefen titi, inji a kunne, hannu a waje. Alƙali ya ba shi umarnin ya nisance ni. Royce ya auna tazarar, yana tsayawa daidai bakinta.

Hanyata tana ratsa wuraren da waya ba ta kamawa, shi ya sa na je wurin Haskett neman lasisi. Ya ce, "Haba Vernice, me mai littattafai za ta yi da bindiga? In ya matso ki jefe shi da ƙamus." Karo na biyu ko kai bai ɗago ba. Abokan farautarsa kuwa, har wanda ba ya iya karanta allon titi da rana tsaka, kowa da nasa lasisin a aljihu.

Wannan na gaya wa kwamiti. Amma abu biyu na roƙa, Lemuel. Na ce a ƙwace hukuncin daga hannun mutum ɗaya a rubuta ƙa'ida. Na kuma ce a cikin ƙa'idar a rubuta cewa duk wanda kotu ta umarta ya nisanci wani, ba shi ba lasisi. Sashe na bakwai ke nan.

Ga abin da zai ba ka dariya. Royce ma ya nemi lasisi, Haskett ya hana shi. Ba don ni ba. Sun taɓa yin rigima ne kan wani karen farauta. Wato son zuciyar da ya hana ni shi ya hana shi. Kotu ba ta taɓa kama Royce da laifi ba, don Twila ta zaɓi ranta a kan shari'a. Ni kuma ba matarsa ba ce, lauyar gidan mafaka ta ce kariyar da ake yi wa matan aure ba ta rufe ni ba. Bindigogin farauta yana da su a gida, kowa ya sani. Amma yau in aka tsayar da shi a bayana da ƙaramar bindiga a ƙugu, a ɗaure zai kwana. Ranar da dokarku ta fara aiki, sai dai ɗan sanda ya ce masa a sauka lafiya.

Kuma kuna so in tsaya ina murmushi a bayan mutumin da zai sa masa ita ƙarƙashin riga.

Na karanta tsarin mulkin jihar nan fiye da wasu da suka ɗaga hannu suka rantse da shi. Gwamna na da ikon mayar da ƙudiri majalisa da gyara. Ya mayar, ya ce a dawo da na bakwai. Na rubuta masa haka kai tsaye, doguwar wasiƙa, har da labarin karen. Kai kuma ka faɗa masa da bakinka, tunda kana ganinsa kullum. In ya yi, zan tsaya a kan salatif ɗinka, har jan-baki zan shafa.

Antinka,
Vernice Tolliver

*

A bayan kati, daga Tansy Creek,
Ƙarshen Afrilu.

Lemuel, ina gaisuwa, gwiwa da sauƙi. Kai dai shiru. Amsar Gwamna ta iso. Yana godiya da "cikakken goyon bayan" da na bai wa ƙudirin, ga sa hannunsa a ƙasa. Na fahimta sarai. Zan zo. Ka manna mini wurina kusa da shi.

V.

*

Babban birnin jiha,
Mayu.

Anti,

Ina gaishe ki, na ji daɗi gwiwa ta yi sauƙi. Ni kam ban san ko lafiya nake ba.

Rangadin ya ja fiye da yadda aka tsara. Da na dawo, maƙwabcina ya miƙo mini tarin wasiƙu, katinki ne a sama. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na yi murna, na buga wa ofis na ce Anti ta amince. Kafin in cire takalmi sunanki ya tafi wurin 'yan jarida. Sai can ƙasa, tsakanin takardun talla, na ga ambulan ɗinki mai kauri. Na gama shi, na sake ɗaukar katin, sai na ji shi da muryarki.

Ki yarda da ni, Gwamna bai ga wasiƙarki ba. A ɗakin wasiƙu suna suke dubawa. In an san mutum a cikin magoya baya, sai a tura masa godiyar magoya baya. Sa hannun ma inji ne. Yana da hannu na ƙarfe mai riƙe alƙalami, yana can ƙasan bene kusa da na'urar kofi.

Ganin Gwamna da kike cewa ina yi kullum, ƙeyarsa nake gani. Amma na shiga wurin Madam Prentiss, shugabar ma'aikatansa. Na ce mata akwai matsala a sashe na bakwai.

Ta ce, "Lemuel, yaushe mai salatif ya koma lauya?"

Na yi mata bayanin Royce. Ta saurara, ba zan ce ba ta saurara ba. Sannan ta ce sanatocin da suka cire sashen su ne masu riƙe da ƙudirin, in aka mayar musu za su binne shi gaba ɗaya, ga zaɓe da kaka. Ta ce, "Antinka za ta samu lasisinta. Ba shi ta zo nema ba?" Ta ga katinki a hannuna, ta karɓa ta karanta. "To ga shi ita da kanta ta ce ta fahimta, za ta zo. Kai ne kake neman rigima."

Ban gyara mata karatun ba, Anti. Ban san me ya hana ni ba. Doguwar wasiƙar na cikin aljihuna, na bar ta a ciki.

An cire ni daga tafiyar. Ranar za a tura ni buɗe wata gada a kudu. Tsarin tsayuwa dai yana nan yadda na zana, da sunanki, da makirufo.

Ina roƙonki kada ki zo. Ki ce gwiwa ce, ba wanda zai yi musu. A fili za a yi, kowa na iya zuwa, har shi. Ni ma aikin nan shi ke riƙe da maganin Mama. Na san abin da za ki ce, amma ki yi tunani.

Ɗanki,
Lemuel

*

Tansy Creek,
Mayu.

Lemuel,

Lafiyata lau, na fi wata guda ban ji ƙarfi irin na yau ba. Da fatan gada ta buɗu lafiya, ba ta rufta da kowa ba.

Na yi tunani, kamar yadda ka ce. Na yi tunanin maganin Yaya Althea sosai, kada ka zaci ban yi ba. Sannan na goge rigata mai ruwan toka na tafi. Ka ga abin da talabijin ya nuna, to ga sauran.

Salatif ɗinka na nan, da rubutunka mai kama da tafiyar kaza. Na tsaya a kai. Matan coci na soya tarwaɗa a gefen fili, masu kulob ɗin harbi sun cika gaba da hulunansu iri ɗaya, Haskett na tagarsa da kofin kofi, fuska kamar an yi masa rasuwa. A kan tebur ga takardar, ga alƙaluman a jere, kowanne da sunan Gwamna da ruwan zinariya. Can ƙetaren titi kuma, gindin itacen da ke gaban kantin magani, jar a-kori-kura. Ya auna tazararsa, kamar kullum.

Gwamna ya iso ya kama hannuna da hannu biyu. Ya fi hotonsa gajarta.

"Malama Tolliver. Yaya motar littattafai?"

Na ce, "Tana tafiya, ranka ya daɗe. Ka karanta wasiƙata?"

"Kowane layi."

"Inda na yi maganar kare fa?"

Ya ce, "Ai ni mutum ne mai son karnuka."

Daga nan na daina jin tausayinsa.

Madam Prentiss ɗinka ta miƙo mini makirufo da wata 'yar takarda da aka rubuta mini abin da zan faɗa. Na ninke ta na sa a jaka, za ta yi amfani wajen alamar shafi. Na ce:

"Sunana Vernice Tolliver. An kawo ni nan in yi godiya. Kafin nan, ku juya ku dubi ƙetaren titi. Mai jar motar can Royce Gantry ne. Kotun da muke tsaye a matakalarta ta umarce shi ya nisance ni, shi ya sa yake can ba nan ba. Akwai sashe a ƙudirin nan da zai hana irinsa ɗaukar bindiga a ɓoye. An cire shi. Ina son lasisina, na daɗe ina so, amma ban roƙi a ba mu tare ba. Mai girma Gwamna, ga shi can, ga ni nan. Ko ka mayar da takardar a gyara, ko ka sa hannu yana kallonka."

Ka san yadda fili ke yin shiru har ka ji mai na tafasa a kasko? Haka aka yi. Masu kyamara suka juya gaba ɗaya suka ba Gwamna baya, abin da na tabbata ba ya cikin tsarinka. Royce ya ɗaga musu hula. Wani daga kulob ɗin harbi ya ce in sauka, wata tsohuwa daga wurin tarwaɗa ta ce masa shi ya fara sauka daga kan ƙafarta.

Gwamna ya matso yana murmushi don hoto, ya yi magana ta gefen baki.

"Kin san abin da kika yi mini?"

Na ce, "Wasiƙata na taƙaita maka, tunda injinka bai iya karatu ba."

Ya ɗauki alƙalamin farko, nawa ke nan. Ya dubi takardar, ya dubi ƙetaren titi. Ya ajiye. Ya tashi ya ce gwamna nagari mai saurare ne, zai koma ya sake nazari. Aka tafa kaɗan-kaɗan, aka kwashe alƙaluman aka zuba a kwali.

Ban ce na yi nasara ba. Na dai ce bai samu hoton ba. Yanzu ka sa ido ka gaya mini ranar da ya mayar da ita majalisa.

Da na tuƙa zuwa gida jar motar na bayana har kwanar gidan mai. Ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidana. Kada ka gaya wa uwarka.

Antinka,
Vernice

*

Babban birnin jiha,
Yuni.

Anti,

Ina gaisuwa. Mama lafiya, ta ce in gaya miki ta ga rigar a talabijin, kuma ta san tata ce da kika ara ba ki mayar ba.

Bai mayar ba. Bai kuma sa hannu ba. Kin fi ni sanin tsarin mulki: in gwamna ya riƙe ƙudiri har wa'adi ya cika bai ce komai ba, ya zama doka da kansa. Abin da ya yi ke nan. Ya bar shi a kan tebur ya tafi taron gwamnoni. Yanzu in masu kulob suka tambaya, dokarsu ta fito. In mata suka tambaya, ba hannunsa a ciki.

Ni kuma an gode mini da hidima. Madam Prentiss ta gano muna da dangantaka ta jini, ba "Anti" ta girmamawa kawai ba, ta kuma tuna katin. Takardar sallamar tana da sa hannun Gwamna. Kin san wanda ya sa.

Kada ki damu da maganin Mama, ƙanwata ta karɓa kafin in samu wani abu. Ban yi fushi ba. Na yi na kwana biyu, ya wuce.

Kwalin alƙaluman yana bayan motata tun da aka dawo da kaya, ba wanda ya tambaya. Na aiko miki. Ki yi haƙuri, Anti, duk abin da kika yi bai hana komai ba. Don Allah ki bar hanyar Millrace.

Ɗanki,
Lemuel

*

Tansy Creek,
Yuli.

Lemuel,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Althea. Rigar tawa ce, ta tambayi kowa. Gwiwa ta dawo da halinta, tari ya tafi. Aikinka ya tsaya mini a rai. Ni na jawo, na sani, kuma da za a sake, da na sake. Kai ma da ka so, da ka zaro wasiƙar nan daga aljihu. Ba ka zaro ba. Ka daina cewa ba ka san dalili ba.

Ranar da doka ta fara aiki na je ofishin Haskett da takardar shaidar koyon harbi. Ina shiga, sai ga Royce ya faka. Abu ɗaya ya manta: umarnin kotu na nan daram, ba shi da ikon shiga ɗakin da nake. Dole ya tsaya ƙetaren titi cikin rana har in gama. Ban taɓa rubuta sunana a hankali irin na ranar ba. Na karanta kowane layi, har ƙananan rubutun baya, na yi tambaya a kan kowanne.

Haskett ya ce, "Vernice, da gangan kike yi."

Na ce, "Ni mai littattafai ce, ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Ba kamar wasu ba."

Ya buga hatimi kamar yana kashe kyankyaso. Na fito, Royce ya shiga. Na samu nawa, ya samu nasa. Ga dokar da Gwamnanka bai taɓa ba.

Hukumar laburare ma ta ce in bar hanyar Millrace. Na ce musu a can akwai tsohon da nake kai wa littattafai masu manyan baƙaƙe, akwai matan da motata ce kaɗai ke tsayawa a ƙofarsu ba tare da mazajensu sun tambayi dalili ba. In na bar hanyar, Royce ya samu abin da yake so ko bindigar bai taɓa ba. Ina bin ta kowane mako. Tawa bindigar na cikin jaka, ba na son ta, nauyi ne da ita, kuma ina roƙon Allah ta tsufa ban ji ƙararta ba. Yana bina har yanzu. Ina tsoro, ina kuma tuƙi.

Ka ce ban hana komai ba. Alƙaluman sun iso. Na ɗaure su da zare a kan kantar motar, kusa da takardar koke ta neman a dawo da sashe na bakwai. Duk wanda ya hau ya ari littafi, sai in nuna masa. Matan tarwaɗa sun ɗauki wasu zuwa coci. Twila ta aiko da nata sa hannun ta hannun lauya. Har Haskett ya hau motar ranar Talata, karo na farko a rayuwarsa da ya shiga tsakanin littattafai da ƙafarsa, ya sa hannu bai dube ni ba. Saboda karen ne, na sani. Na karɓa.

Da ɗaya daga cikin alƙaluman nake rubuto maka. Yana rubutu da kyau, sai dai zinariyar sunan ta fara gogewa a yatsana.

Majalisa za ta dawo zama a Janairu. Zan cika motar da mata mu zo, da takardun, mu tsaya a ƙofar ofishin Gwamna har ya fito. Ban iya tsara taro ba, in na tsara kowa zai tsaya inda ya ga dama. Kai ka iya, kuma yanzu ba ka da uzurin aiki. Ka taho da salatif ɗinka. Wannan karon a gabansa za ka manna mana.

Antinka,
Vernice Tolliver